Jiran Shamuwa a Bakin Teku

Mu goma sha ɗaya muka isa Kumasi, amma mu biyu kawai muka zarce kudu. Sauran manya ne, sun shekara da shekaru suna zuwa cin rani, sun san gidan da za su sauka da gonakin kokon da za su yi wa aiki. Ni da Labbo wannan ce fitarmu ta farko. Labbo ɗan kawuna ne, wato taubashina, Bafulatani daga rugagen wajen Gandi, mai tsokanata da Kaɗo, wato Bahaushe. Ni kuma daga wani ƙauye nake a gefen Wurno, inda tudu ya gangaro ya haɗu da fadamar Rima. Zamanin Turawa ne, kowane saurayi a ƙasarmu in an gama girbi sai ya ɗauki sanda da buta ya nufi kurmi.

A zangon Kumasi muka ji ana neman hannu a bakin teku, wurin kwasar gishiri. Labbo ya ce shi bai taka ƙasa wata ɗaya da rabi don ya koma ya ce bai ga teku ba. Madugunmu, wani dattijo mutumin Goronyo, ya yi faɗa har ya gaji.

"Ku tahi," in ji shi. "Amma ku sani mu ba mu jiran kowa. In lokaci ya yi, hanya za mu kamawa."

Ba mu tambaye shi yadda ake gane lokacin ba. Mun ɗauka kowa ya sani.

A wannan shekarar idanun mahaifina sun riga sun tafi, haske da inuwa kawai yake bambantawa, kuma ni kaɗai ne namiji a gidan. Gero a tudunmu ba ya jiran mutum. Idan ruwan shuka ya sauka, kwana biyu ko uku ƙasa ke riƙe laima. Wanda ya sa iri a cikinsu ya sa. Wanda ya makara, sau da yawa ruwa kan ɗauke ya bar masa kara ba ido. Abu ɗaya aka ɗora mini da zan fito, shi ne ranar shuka ta same ni a gona.

Daga Kumasi muka shiga jirgin ƙasa zuwa Ankara, babban birnin ƙasar, daga can muka bi mota zuwa gabas, muka haye wani babban kogi a kwalekwale, muka ƙarasa Keta da ƙafa. Garin yana kan wani siririn rairayi ne, teku a gabansa, a bayansa kuma makeken tafki mai ruwan gishiri wanda ba shi da zurfi. Labbo ya daɗe tsaye yana kallon tekun, hannu a goshi.

"Garba, ina ƙetaren?"

"Babu."

"Ƙarya kaka yi, Kaɗo. Ko Rima da damana tana da ƙetare."

Ya durƙusa zai kurkure baki ya yi alwala, ya furzar da sauri yana tari. "Wa yaz zuba ma ruwanga gishiri haka? Wagga asara har ina!"

Wanda ya karɓe mu sunansa Malam Tanko, shi ne helma, wato shugaban masu aiki. Bahaushe ne, amma a zangon garin aka haife shi, bai taɓa wuce Kumasi ba. Mutum ne mai fara'a, kullum da goro a aljihu. Ya ba mu ɗaki, ya nuna mana aiki. Idan rani ya yi, ruwan tafkin kan janye ya bar gishiri a kwance kamar an shimfiɗa farin ƙyalle. Mu kankaro, mu cika kwando, mu ɗauka a ka zuwa tudu. Cikin mako guda ƙafafunmu suka tsage, gishirin yana shiga kaushin yana ci kamar barkono. Wata tsohuwa mai ƙyafa kifi ta ga yadda nake ɗingishi, ta kira ni da hannu, ta zaunar da ni, ta miƙo mini man kwakwa a ɓawo. Ba ta jin Hausa, ban jin harshensu. Kullum da yamma sai in tarar da ɓawon a bakin ƙofarmu, har ƙafar ta warke.

Ba mu daɗe ba muka gane mun ɓatar da wani abu da ba mu san muna ɗauke da shi ba. A gida mutum ba ya tambayar lokaci, jikinsa ke gaya masa. Sanyi ya wuce, zafi ya zo, rijiya ta yi ƙasa, iska ta juya, sannan wata safiya a ga shamuwa ta sauka a kan tsamiyar bakin kasuwa, kowa ya fito da sungumi ya gyara ƙota. A Keta babu ko ɗaya. Yau kamar jiya, itatuwa kore shar, iska kullum daga teku take busowa. Muka ce bari mu yi lissafi da wata. Labbo ya ce a wata kaza aka yi shuka bara, na ce a'a, a na bayansa ne. Muka yi musu har muka gaji, don gaskiyar ita ce babu wanda ya kula a cikinmu. Wa ke duba wata don ya yi shuka?

Wata rana da hantsi muna tsakiyar tafkin, hadari ya taso, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Na yar da kwando. Labbo ya riga ni gudu. Muka faɗa ɗaki muka naɗe tabarmi, ni a zuci ina ganin mahaifina zaune a ƙofar gida yana jin ƙamshin ƙasa ba mai riƙe masa sungumi. A bakin hanya Malam Tanko ya tare mu, yana dariya har yana riƙe ciki.

"Ina zuwa haka, samari? Wannan ruwan namu ne, ba naku ba. Namu yana riga naku da nisa. Ku tambayi kowa."

Muka tambayi mutum uku a zango, duk suka ce gaskiya ne. Hankalinmu ya kwanta, amma na ce masa to mu yaya za mu san namu.

"A garinku me kuke dubawa?"

"Shamuwa."

"To, shi ke nan! Daga ina shamuwa take zuwa muku?"

"Daga kudu."

"Ina ne kudu in ba nan ba? Bayan nan akwai wata ƙasa? Dole ta nan take bi. A kan kwakwar nan take sauka ta huta, kuma ba ta sauri, tana tafe tana cin fara, sai ta yi wata biyu kafin ta kai muku. Ranar da kuka gan ta, ku ɗauki kayanku, za ku riga ta isa."

Ko yanzu in na tuna maganar sai in ga ta tsaru. Muka mayar da tabarmi.

Ruwan ya kashe aikin gishiri, sai Malam Tanko ya mai da mu jan taru. Masunta kan fita da kwalekwale su zagaya taru cikin teku, su dawo da igiya biyu, mutane su jeru a kowace igiya suna ja da baya, suna waƙa, tun safe har rana ta take. A nan na fara lura da tsuntsaye. Idan tarun ya kusato, sai wasu farare masu baƙar hula da wutsiya mai baki biyu su cika sama, suna faɗowa ruwa kamar an jefo su. Akwai kuma wasu ƙanana masu launin toka da ke gudu a bakin ruwa. In igiyar ruwa ta koma su bi ta, in ta dawo su sheƙa a guje. Labbo ya ce bai taɓa ganin matsorata masu neman faɗa irinsu ba, sai dai mutanen Wurno.

Mu dai ba su muke nema ba. Muna jan igiya, idanunmu suna kan kwakwa. Masuntan suka lura, suka fara kwaikwayonmu, in mun zo wucewa kowa ya ɗaga kai sama ya buɗe baki. Sau biyu Labbo yana tuntuɓe da igiya ya faɗi a kan mutumin bayansa. Kowace Juma'a in muka tambayi Malam Tanko, sai ya dubi sama ya ce, "Ta kusa. Bana ta ɗan makara."

A ƙarƙashin wata rumfa akwai wani tsoho mai ɗinkin taru, ana ce masa Saja Kofi. Ɗan garin ne, amma ya yi soja, a bariki ya koyi Hausa, irin wadda mace da namiji duk "shi" ne. Wata la'asar ya kira mu.

"Kai, Sakkwato! Zo. Me ka ɓatar a sama?"

Na kwatanta masa shamuwa: baƙa, cikinta fari, dogayen ƙafafu, ba ta tsoron mutane.

Ya girgiza kai. "Na tsufa a wannan rairayi. Wannan tsuntsu ban gan shi kan kwakwa ba. Amma in tsuntsu mai tafiya kake so, ga shi nan cike, ka bar shi kana duba itace."

Ya nuna mana bakin ruwa da allurar ɗinkinsa. Ya ce waɗannan duk baƙi ne kamarmu. Ba sa yin sheƙa a nan, ba wanda ya taɓa ganin ƙwansu. Suna zuwa bayan damina a rame, su ci su ƙoshi, in lokaci ya yi su canza riga su tafi. Ya ce in duba da kyau. Na duba. Ƙananan nan da na sani da launin toka, wasunsu ƙirjinsu ya yi ja kamar tukunyar da aka gasa, wasu cikinsu ya yi baƙi. Sun yi ƙiba. Kuma ba su kai yawan da na fara gani ba.

Ya zaro wani zare daga wuyansa, a jiki akwai ƙananan zobba na ƙarfe guda huɗu. Ya ce a ƙafar masu baƙar hulan nan ya cire su, waɗanda suka maƙale a taru. Kowane zobe da rubutun Turawa da lamba.

Labbo ya juya ɗaya a tafin hannunsa. "Baba, har tsuntsu ma Nasara ya ɗauka soja?"

Tsohon ya yi dariya har hawaye. "Ni ma haka ya sa mini lamba! Amma wannan ya fi ni. Shi yana zuwa gida kowace shekara, ba ya neman izini."

Muna zaune sai wani garke ya tashi daga rairayi, ya yi ƙasa ƙasa da ruwa, ya miƙe a jere kamar zare. Wani ya bi shi, wani ya bi wancan. Ba su yi shawagi sun dawo ba kamar yadda suka saba. Suka bi gaɓar teku suka nufi inda rana ke faɗuwa har suka ɓace.

"Sun ɓata hanya," in ji Labbo. "In ƙasar Nasara za su, arewa ta nan take."

Saja Kofi ya ce ba su ɓata ba. Shi ya shiga jirgin ruwa, ya ga yadda gaɓar take. Tana tafiya yamma, tana tafiya, sannan ta karya ta miƙe arewa. Tsuntsun da kifi ne abincinsa ba zai bar ruwa ya bi daji ba. Na tambaye shi ko ya san kwana nawa ne tsakanin tafiyarsu da ruwan Sakkwato. Ya ce wannan kam bai sani ba, kuma ba zai faɗi abin da bai sani ba.

Labbo ne ya kawo amsar. A bayan garin, cikin gonakin kwakwa, akwai wasu gajerun shanu marasa tozo da ake ajiyewa don taki. Labbo ya raina su, yana ce musu awaki masu ƙaho, amma duk ranar hutu can yake zuwa ya zauna, don ya ji warin garke. Washegarin hirarmu da tsohon sai ga shi a guje, hularsa a hannu.

"Garba, taso! Taso ka gani!"

A tsakanin ƙafafun shanun akwai wasu 'yan tsuntsaye sirara masu kaɗa wutsiya, suna cafke ƙwarin da kofato ke tayarwa. Na san su. Kowa a fadamarmu ya san su, amma manomi bai damu da su ba.

"Dibi cikinsu," in ji shi. "Da munka zo ba haka suke ba, hwari-hwari na. Yanzu dibi, awa garin ɗorawa. Bappana da su shika lissahi. In sunka yi rawaya haka, kwana kaɗan ka nemi ko guda ka rasa. Daga nan shi ƙirga kwana arba'in da 'yan kai, shi ce a janye shanu daga gonakin Haɓe, ruwa na tahe."

"Ka tabbata?"

"Ni kaka tambaya? Ku shamuwa kuka jira ta zo ta zauna bisa kanku. Mu tun tana hanya mun san zance."

Na yi lissafin da ya kamata in yi tun a Kumasi. Ruwa saura kwana arba'in da wani abu. Hanya kuwa ta ci mana wata ɗaya da rabi zuwa Kumasi kawai.

Muka sami Malam Tanko a ƙofar masallaci. Na gaishe shi da ladabi, sannan na ce, "Malam, shamuwar nan da take sauka a kan kwakwa, wane launi gare ta?"

Ya ce, "Fara ce fat. Da dogon wuya."

"Wagga balbela ta!" in ji Labbo.

Malam Tanko ya dube mu, ya dubi ƙasa, sai ya fashe da dariya. Ya ce shi a bakin mahaifinsa kawai ya taɓa jin sunanta. Lokacin kifi ne, hannu ya yi ƙaranci, kuma bai taɓa samun masu jan igiya irinmu ba. Bai ji kunya ba ko kaɗan. Ya sallame mu, ya ƙara mana da goro, ya ce in mun ga shamuwar mu gaishe ta.

Saja Kofi ya zana mana hanya a kan rairayi. Ya ce kada mu koma ta Kumasi. Mu bi gaɓa zuwa Lome, mu shiga jirgin ƙasan Faransawa har inda layin dogo ya ƙare, daga nan mu miƙe arewa. Tsohuwar nan mai man kwakwa ta ɗaure mana busasshen kifi da garin rogo a ganye. A ranar na san ashe matar Saja Kofi ce. Mun yi yini guda muna tafiya a bakin ruwa zuwa gabas, garken tsuntsaye suna wuce mu zuwa yamma, ɗaya bayan ɗaya. Labbo yana ɗaga musu sanda yana cewa su sauka lafiya.

Daga ƙarshen dogo muka fara tsere da damina, kuma gonakin mutane ne suke gaya mana wanda ke gaba. Inda muka sauka masara ta kai gwiwa. A Jugu ana noman farko. Kafin Kandi tsiro ya yi ganye uku. Kullum tsiron yana raguwa, kullum muna ƙara sauri. Sai a bayan Kandi wasu dogaran Faransawa masu jar hula suka tare hanya, suka tattara duk matafiyi mai ƙarfi, suka ce sai mun yi aikin hanya. Kwana huɗu muna ɗaukar duwatsu. Ni kwanakin kawai nake ƙirgawa. Labbo kuwa ya ce wa mai tsaronmu, da Fulatanci, wai in sun gama hanyar su sa mata sunansa. A rana ta biyar aka kama wasu, aka sake mu.

Muka haye kogin Kwara a Gaya, muka tarar an yi shuka shekaranjiya. Na zauna a bakin kogi na ce ba sauran amfani.

"Tashi, Kaɗo," in ji Labbo. "Ruwan Gaya na Gaya na. Ba ka koyi komi ba wurin Malam Tanko?"

A Kamba ƙasa busasshiya ce. A Argungu ma haka, mutane suna zaune a inuwa suna duban gabas. Ban taɓa murnar ganin busasshiyar ƙasa ba sai ranar. Takalmana suka tsinke, na ɗaure su da kaba, suka sake tsinkewa, na rataye su a sanda. Muna hango Sakkwato da azahar hadari ya haɗu, iska ta taso, aka yi ruwa mai yawa har kwari ya ɗauka. Muka fake a wani zaure. Mai zauren ya leƙa waje ya ce wannan kam na shuka ne.

A mararrabar Rabah muka rabu. Labbo ya raba sauran kifin biyu, ya ba ni babban rabon, ya ce in gaya wa goggonsa shi ya kawo mata ɗanta, in ban da shi da yanzu ina can ina duban kwakwa.

Na isa a rana ta biyu bayan ruwan, da hantsi. Ban shiga gida ba, na zarce gona. Tun daga nesa na hango mutum biyu. Inna ce a gaba da sungumi, tana sara tana hutawa. Mahaifina yana bayanta, ƙwaryar iri a hannu, yana laluben rami da yatsan ƙafa, ya zuba, ya rufe da diddige. Layin nasu ya karkace kamar hanyar tururuwa, kuma ba su ci ko kashi ɗaya cikin biyar na gonar ba.

Ni ne ɗan Inna na fari, ga ta Bafulatana, ba ta taɓa kiran sunana ba, balle ta yi murna da ni a gaban mutane. Ta gan ni, ta tsaya, ta kau da kai gefe. Sai ta miƙo mini sungumin ta baya, ta ɗora yatsa a kan leɓenta. Na ajiye kayana a kan kunya, na karɓa, na ci gaba daga inda ta tsaya.

Na yi sara goma, na yi ashirin. Mahaifina yana biye, yana zubawa yana rufewa. Sai na ji ya tsaya.

"Wanga sara ba naki na ba," in ji shi.

Inna ta toshe baki tana danne dariya.

"Garba?"

"Na'am, Baba."

Ya gyara riƙon ƙwaryar. Sannan ya miƙa ƙafa ya auna tsakanin rami da rami.

"Ka cika faɗi. Rage taki, ba tsere muka yi ba. Gaisuwa sai mun kai ƙarshen layi."

Washegari da la'asar muka rufe rami na ƙarshe. Na tura yatsa cikin ƙasa, da sauran laima.